Warin bunsuru: a garke ake maganinsa, ba a tukunya ba

A watan da ya gabata na raka wata maƙwabciyata kasuwar dabbobi ta Diffa. Dattijuwa ce, tana cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya tasa daga ƙauyukan bakin Komadugu tun 2015, suka dawo zama a bakin kwalta. Awaki biyu ta samu ta hanyar haɓɓanaye, Allah ya sa musu albarka, yau tana da bakwai. Bunsuru ta kai, wanda ta yi shekara ɗaya da rabi tana yi wa hidima da dusa da harawa, tana so ta sayi buhun gero da kuɗinsa. Wani mahauci ya zo ya dafa bayansa, ya matsa ƙirji, ya gamsu da ƙibarsa. Sai ya shinshina tafin hannunsa ya yamutsa fuska.

"Inna, wannan ko tsire na yi da shi sai ya tona mini asiri."

"Haba ɗana, ai wari a gashi yake, ba a nama ba."

Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta sallama da ragin jika huɗu a kan abin da aka biya wani taure da ke ɗaure kusa da mu, wanda bai kai nata girma ba. A hanyarmu ta komawa ba ta ce mini komi ba sai da muka kusa gida, ta ce, "Malam, da ka gaya mini tun yana ƙarami." Gaskiya ta faɗa. Na daɗe ina aikin taimaka wa likitan dabbobi a yankin Geskeru, ina kuma cikin ƙungiyar makiyayan garinmu. Na sha yi wa awakinta allura, amma ban taɓa ɗaukar maganar dandaƙa da muhimmanci ba, domin ba cuta ba ce, ba ta kashe dabba. Ashe tana cin kuɗin talaka kamar yadda cuta take ci. Shi ya sa na rubuta wannan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk ɗan bunsurun da ba a zaɓe shi don barbara ba, a dandaƙe shi yana da wata biyu zuwa uku, da na'urar da ba ta yanka fata, kuma ƙungiya ce ya kamata ta ɗauki nauyin aikin, ba kowane gida shi kaɗai ba.

Bari mu fara da gardamar Inna da mahauci, domin kowannensu yana da rabin gaskiya. Bunsuru yana da wasu ƙananan ƙulluttai a ƙarƙashin fatar kansa, bayan gindin ƙaho, masu fitar da maiƙo mai wari. Idan ya balaga sai su kama aiki gadan-gadan. Ga kuma ɗabi'arsa da kowa ya sani, ta fesa wa gemunsa da ƙafafunsa na gaba fitsari lokacin neman awaki. Mafi yawan warin nan yana kan gashi da fata, kamar yadda Inna ta ce. Sai dai wani sashe nasa yana zaune a cikin kitse, kuma shi ne wanda yake tashi idan nama ya ji wuta. Wannan kuwa babu wankin da zai fitar da shi. Mata suna iya ƙoƙarinsu da citta da kanumfari da tafarnuwa, wasu su tafasa su zubar da ruwan fari. Yana ragewa, amma mai ci ya sani. Mun sha zuwa suna a yanka tsohon bunsuru, a ga kwanon nama yana komawa cikin gida da saura, alhali mutanen da suka bar shi sun yi wata ba su ga nama ba.

Kada kuma mu ɗauki warin a matsayin aibi tsantsa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa idan aka shigo da baƙon bunsuru cikin garke, ba a jimawa awaki suke fara nema. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan suka gano sinadarin da ke fita daga kan bunsuru yana tayar wa akuya da sha'awar barbara, kuma shi ne idan ya sha iska yake juyewa ya zama warin da muke ji. Wato warin aiki yake yi. Abin tambaya shi ne, bunsuru nawa ake bukata su yi wannan aikin? Lafiyayyen bunsuru ɗaya yana isar awaki 25 zuwa 30. Ku ƙirga na unguwarku ku gani. Ranar da na ƙirga a tamu, na tarar kusan kowane gida yana da nasa, wasu biyu, duk suna yawo suna karo da juna, suna bin awaki maimakon kiwo, abin da suka ci yana ƙarewa a guje-guje.

Wani zai yi mamaki in na ce har daga masu kiwon alade akwai abin koyo. Mu ba ma kiwonsa, ba ma cinsa, amma matsalarsu 'yar'uwar tamu ce, kuma sun kashe kuɗi mai yawa wajen bincikenta. Namijin alade idan ya balaga namansa yana wari in an soya, saboda sinadarai biyu da suke taruwa a kitsensa, ɗaya daga maraina yake fitowa, ɗaya daga hanji. Daga cikin hanyoyin da suka samu akwai waɗannan: a yanka dabba kafin ta balaga, ko a fiɗiye ta tana ƙarama, ko a yi mata wata allura sau biyu da ke dakatar da aikin maraina, sannan a tsabtace makwancinta. Babu wanda ya samo maganin abin bayan an yanka. Wani abu kuma da ya ja hankalina, Jamus ta hana fiɗiye 'ya'yan alade ba tare da an kashe musu zafi ba tun farkon 2021, Faransa ta bi sahu a farkon 2022. Mu ba mu da irin kayan aikinsu, amma batun azabar da dabba ke sha ya shafe mu, kuma zan dawo kansa.

Yanzu ga abin da ya fi wari damuna. Idan bukata ta taso wa mai gida, rashin lafiya ko biki ko hatsi ya ƙare, wane bunsuru yake kamawa ya kai kasuwa? Wanda ya fi girma, domin shi zai fi kuɗi. Wa ya rage a garke? Tsumburarre, wanda ba mai saye. Shi ne zai hau awakin unguwa duka, har da uwarsa da ƙannensa, domin ɗan bunsuru yana iya barbara tun yana da wata huɗu ko biyar. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, saboda haka cikin shekara biyu ko uku jinin wannan tsumburarren ya game gari. Sai mu zauna muna cewa awakin yanzu ba su da jiki, ba su da nono, 'ya'yansu ba sa jure zawo, muna ɗora wa ƙarancin ciyawa laifin duka. Ƙarancin ciyawa gaskiya ne, musamman tun da rashin tsaro ya raba mu da makiyayar tafkin Chadi da wasu wuraren bakin kogi, dabbobi suka cunkushe a wuri ɗaya. Amma da hannunmu muke zaɓar mafi lalacewa ya zama uban garke, ba tare da mun yi niyya ba. Jar akuyar Maradi da ake yabo har ƙasashen waje ba daga sama ta faɗo ba. An daɗe ana tsare jininta, har da cibiya aka kafa a Maradi don kiwonta, kuma cire mazan da ba su dace ba yana cikin aikin. Ba cewa nake yi mu bar awakinmu dogaye na Sahel mu koma ja ba, namu sun fi dacewa da tafiya da zafin nan. Cewa nake yi mu yi wa namu irin gatan da aka yi wa waccan.

Na san abin da ake faɗa idan na kawo wannan magana a majalisa, kuma ba duka ne zan kore ba.

Na farko, ana cewa bunsurun da ba a taɓa ba ya fi saurin girma. Haka ne. A watannin farko wanda yake da marainansa ya fi taure saurin tsawo da faɗin ƙirji, namansa kuma ba ya da kitse sosai. Saboda haka wanda ya tabbata zai sayar ko zai yanka ɗan bunsurunsa yana da wata biyar ko shida, ba dole ne ya dandaƙe shi ba, in dai zai ɗaure shi nesa da awaki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muke sayarwa a wannan lokacin? Akuya ita ce asusunmu, ajiye ta muke yi sai ranar bukata, kuma ranar bukata ba ta sallama. Wanda zai kai shekara ko fiye a gida, gara ya kai yana taure. Taure yana da natsuwa, yana tsayawa ya ci, ba ya tsallake shinge ya faɗa gonar tattasan mutane ya jawo wa mai shi tara a gaban Bulama. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin mai akuya da mai tattasai a bakin Komadugu ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, maganar addini. Wasu suna jin ɗar-ɗar, suna ganin canza halitta ne, ko kuma layya ba za ta yi ba. Ni ba malami ba ne, amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ya yi maganar a fili: ya halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, ya hana a yi wa dawaki. A babin layya kuma ya fifita ragon da ba a fiɗiye ba a kan wanda aka fiɗiye, amma bai ce na biyun bai yi ba. Wanda yake da shakka ya tambayi limamin garinsu. Wannan ma ya kawo ni ga wani abu: maganata a kan bunsuru ce, ba rago ba. Rago ba ya da irin wannan wari, kuma mai sayen ragon layya yana son ya gan shi cikakke. Wanda yake turkar rago don babbar sallah ya bar abinsa yadda yake, ya dai raba shi da tumaki in ba shi aka zaɓa ba.

Na uku, kuma wanda ya fi nauyi, shi ne tsoron asara. Wannan tsoro yana da tushe, ni kaina ya taɓa cin nawa. Shekarun baya, kafin in koyi aikin nan, na kai wani kyakkyawan bunsuruna wurin wani dattijo da ya saba fiɗiya da aska. Cikin damina ne. Ya yi aikinsa, ya shafa toka. Bayan kwana huɗu ƙudaje sun yi ƙwai a wurin, tsutsa ta cika shi. Muka wanke, muka ga kamar ya samu sauƙi, sai bayan mako guda wuyansa ya sandare, muƙamuƙinsa ya ɗaure, ko ruwa ba ya iya sha. Tetanos ne, wanda ƙwayarsa take zaune a ƙasa da kashin dabbobi tana jiran rauni. Sai yankawa muka yi. Ban zargi dattijon ba, abin da ya gada ke nan. Ɗaya hanyar ta gargajiya, wadda ake ɗora jijiya a kan itace a yi ta bugu har ta mutu, ba ta buɗe fata, amma duk wanda ya tsaya ya ji kukan dabbar ya san azaba ce, kuma sau da yawa ba ta kamawa, sai a samu dabba ba taure ba, ba bunsuru ba.

Na'urar da ake kira Burdizzo, wadda ta ɗauki sunan likitan dabbobin nan ɗan Italiya da ya ƙirƙiro ta, ita ce ta raba mu da waɗannan matsalolin biyu. Kamar babbar awartaki take. Ana kama jijiyar da ke kai jini ga maraini ɗaya, a tura ta gefe, a matse ta na kimanin daƙiƙa goma, sannan a koma ɗaya gefen a matse ɗan sama ko ɗan ƙasa da inda aka yi na farko. Ba a taɓa matse tsakiya, kuma ba a haɗa jijiyoyin biyu a matsa ɗaya, domin in aka tsare jinin da ke ciyar da fatar, sai jakar duka ta ruɓe. Fata ba ta tsagewa, jini ba ya zuba, ƙuda ba ya samun wurin sauka. Saboda haka ana iya yi ko cikin damina, ba sai an jira sanyin Disamba da Janairu ba kamar aikin aska. Wurin zai kumbura kwana biyu ko uku, dabbar ta yi ɗingishi kaɗan. Bayan wata ɗaya zuwa mako shida sai a duba: marainan sun motse, aiki ya yi. In ɗaya bai motse ba a sake yi wa wannan gefen. A cikin waɗannan makonnin kada a sake shi cikin awaki, domin yana iya ba da ciki. Akwai babbar Burdizzo ta shanu, akwai ƙarama ta awaki da tumaki, kada a yi wa ɗan akuya da ta sa. Kuma kada wanda bai koya a hannun likita ba ya gwada a kan dabbar mutane.

Ba zan ce babu zafi ba. Akwai. Amma zafin ɗan wata biyu na ɗan lokaci ne, ba kamar na babban bunsuru ba, wanda jijiyarsa ta yi kauri. Babba in dole ne sai an yi masa, a kai wa likita ya yi masa allurar kashe zafi, kuma a sani warin ba ya barinsa washegari, sai ya yi wata biyu ko fiye kafin a ji bambanci. Zoben roba da wasu suke sayowa daga Najeriya na ɗan kwana bakwai ne zuwa ƙasa. Sa wa ɗan wata uku zalunci ne, kuma hanya ce ta tetanos.

Me ya sa na ce wata biyu zuwa uku, ban ce satin haihuwa ba? Dalili biyu. Kafin wata biyu ba ka iya gane wanda zai yi kyau, kada ka dandaƙe wanda ya kamata ya zama uban garke. Na biyu, dabbar da aka dandaƙe tana jaririya hanyar fitsarinta takan zama siririya, kuma mu nan dusa muke turka da ita, ta gero ko ta shinkafa. Dusa zalla tana haifar da tsakuwa a mafitsara. Za ka ga taure yana yunƙuri, yana kuka, yana harbin cikinsa, fitsari ba ya fita sai ɗigo. In aka ga haka a nemi likita a ranar, ba gobe ba. Rigakafinsa kuwa mai sauƙi ne: kada dusa ta zama ita ce abincin duka, a haɗa da harawa da ciyawa, a sa gishiri kaɗan don ya riƙa shan ruwa, kuma kada ruwa ya yanke a gabansa.

Su ma mahauta da masu yanka a gida suna da nasu kason. Tun da yawancin warin a gashi yake, hannun da ya riƙe fata kada ya taɓa nama sai an wanke, wuƙar da aka tsaga fata da ita a ɗauraye ta, a naɗe fatar ta waje yadda gashi ba zai kwanta a kan tsoka ba, a cire mafitsara ba tare da an huda ta ba. Na ga naman taure mai kyau ya ɗauki wari saboda an shimfiɗa shi a kan fatar wani bunsuru.

Abin da ya sa nake cewa aikin ƙungiya ne, a garuruwanmu awaki tare suke fita kiwo. In na dandaƙe nawa maƙwabcina ya bar tsumburarrensa, ban tsira ba. In kuma kowa ya dandaƙe nasa ba tare da shawara ba, sai a wayi gari babu mai barbara. Gida mai awaki uku ba zai sayi Burdizzo ba, amma ƙungiya mai mutum arba'in za ta iya, ta tura matasa biyu su koya a wurin likitan dabbobi, ta sa rana ɗaya a kowane wata. Lokacin da dabbobi suka taru don allurar rigakafin PPR da gwamnati ke yi kowace shekara, dama ce ta a ga 'yan bunsuran gari duka a wuri ɗaya a zaɓi na barbara: wanda uwarsa take da nono, take haihuwa ba wahala, 'ya'yanta suke rayuwa, shi kuma ƙafafunsa a miƙe, marainansa biyu daidai. Mata su ne za su yi wannan zaɓen, domin su suke tatsa, su suka san kowace akuya da halinta. Bayan shekara biyu a yi musaya da wani gari, na Geskeru ya tafi wajen Shetimari ko Tumur, nasu ya zo, don kada ya hau 'ya'yansa.

Akwai wurin da muka maƙale a ƙungiyarmu, kuma gara in faɗa. Wanda aka zaɓi bunsurunsa an hana shi sayar da mafi kyawun dabbarsa, shi zai ciyar da shi, gari duka ya amfana, ranar da ya tsufa kuma mahauci ya rage masa kuɗi saboda wari. Ba wanda zai yarda da haka don daɗin baki. Wani ya kawo shawarar ƙungiya ta saye shi ya zama na kowa, wasu suka ce dabbar kowa ba ta da mai ba ta ruwa. Ni ina ganin a bar shi a hannun mai shi, kowane gida mai akuya ya ba da tiya ɗaya ta dusa a wata, in an tashi sayar da shi kuma asusun ƙungiya ya cika masa gibin da ke tsakaninsa da kuɗin taure. Ba mu gama daidaitawa ba, zama na gaba za mu koma kanta, kuma ina so in ji yadda ƙungiyoyin Maine-Sorowa da Ngigmi suke yi in sun riga mu warware ta.

Ita kuwa Inna, akuyarta ta haifi tagwaye maza a makon da muka dawo daga kasuwa. Ta riga ta nuna mini wanda take so a duba don barbara, mai faɗin goshin. Ɗayan na rubuta ranarsa a littafina, farkon wata mai kamawa.